Wuriyar Gidan Modibbo

A wani lungu da ke gangaren duwatsun Dutse akwai wata katangar bulo da nake wucewa ta gefenta idan zan tafi Islamiyya. A gindinta akwai wuriya, ƙaramar ƙofar nan da ake bari don ruwan sama ya fita daga gida. Duk wuriyar da na sani bakinta a gyare yake. Wannan kuwa a farfashe take, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, har yanzu ana ganin sawun diga a jikin bulon. Na daɗe ina ganinta ban tambaya ba. Ranar da na tambaya, wata dattijuwa mai suna Safiyatu ta zaunar da ni ta ba ni labarin. Ta ce in gaya wa mutane, amma kada in faɗi sunan ƙaninta. Ba zan faɗa ba.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, ɗan wani Modibbo. Kakanninsa makiyaya ne, amma mahaifinsa ya zauna a Dutse tun garin bai cika ba. Ya gina gidan ƙasa mai zaure da ɗakuna uku da fili a tsakar gida. Maƙwabcinsa na sama wani manomi ne, Malam Jaji. Katanga ɗaya ce ta raba su, ita ma ta ƙasa.

Gidan Malam Jaji a tudu yake, bayansa kuma dutse ne. Ruwan da ya gangaro masa ba shi da mafita sai ta gidan Modibbo. Saboda haka tun suna da ƙarfinsu suka huda wuriya a gindin katangar da ke tsakaninsu, suka ja ɗan lambatu ta kusurwar gidan Modibbo, bai fi taku goma ba, suka sake huda wata wuriyar a katangar waje. Ruwa ya shigo ta nan, ya fita ta can, ya bi lungu ya tafi.

Kowace shekara, idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, Modibbo zai durƙusa da sandarsa ya share hanyar. Idan ya gama sai ya ɗaga murya ta kan katanga.

"Jaji, sako ruwanka, hanya a buɗe take."

Malam Jaji ya ce, "Kai dai Fillo, da nono ne da tuni ka tare shi da ƙwarya."

Su yi dariya, kowa ya koma harkarsa. Shekara talatin suna haka. Ba takarda, ba shaida, ba wanda ya taɓa tunanin ana bukatarsu.

Modibbo ya rasu. Ya bar 'ya'ya biyu: Safiyatu, wadda take aure a Jahun, da ƙaninta, wannan mutumin, wanda yake aikin akawu a wata masaƙa a Kaduna. Da aka raba gado, Safiyatu ta ɗauki shanu, shi ya ɗauki gida. Ya rufe shi ya koma Kaduna.

Sai aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda aka yi. Ma'aikata suka cika gari daga Kano, kowa da katifarsa a naɗe, kowa yana neman inda zai ajiye ta. Mutumin ya ji labari, ya aiko aka buɗe gidan aka zuba 'yan haya.

Ku lura, ba a nan laifinsa yake ba. Haya halal ce. Mai gida ya samu, baƙo ya samu wurin kwana. Nisa ma ba laifi ba ne, mutane da yawa suna zaune a wani gari suna riƙe da gidajensu a wani garin da gaskiya. Laifin ya shigo ne a hankali.

Da farko ya sa aka toshe zaure aka mai da shi ɗaki, aka huda wata 'yar ƙofa a gefe. Sannan aka rushe katangar waje aka sake ta da bulo, don mai wucewa ya ga gida na zamani. Sannan aka gina ɗakuna biyu a tsakar gida. Duk wannan bai zo ya gani ba. Wasiƙa yake bai wa wani direban motar haya, direba ya kai wa yayarsa a Jahun, ita kuma ta hau mota ta zo Dutse ta tsaya a kan aiki.

Bayan 'yan shekaru, fili ya ƙare. Babu abin da ya rage sai kusurwar nan da ruwan Malam Jaji yake bi. Mutumin ya rubuto ya ce a yi ɗaki a wurin. Ya ce ba sai an tayar da bango huɗu ba: a jingina da katangar waje, a jingina da tsohuwar katangar ƙasa da ke tsakaninsu da maƙwabci, a shafe ta da siminti, a yi fenti, ba wanda zai san ta ƙasa ce.

Magini ya je ya duba, ya ce da Safiyatu, "Hajiya, nan hanyar ruwa ce. In dai dole sai an yi, a bari in binne bututu a ƙarƙashin daɓe. Aikin yini ɗaya ne."

Safiyatu ta aika masa. Amsa ta dawo a layi biyu. Ya ce ruwan gidan wani ba zai bi ta ƙarƙashin ɗakinsa ba, kowa ya san yadda zai yi da nasa ruwan. A toshe.

Aka toshe wuriyar ciki. Aka toshe ta waje. Aka yi ɗaki mai koren fenti.

Ya 'yan uwa, da yana tsaye a wurin, da Malam Jaji ya leƙo ta kan katanga sun haɗa ido, kuna jin zai iya faɗin wannan magana? Ni ban yi tsammani ba. Amma takarda ba ta jin kunya. Abin da baki zai ji nauyin faɗa, hannu yakan rubuta shi cikin sauƙi idan akwai tafiyar rabin yini a tsakani.

Damina ta zo. Ruwa ya gangaro daga dutse, ya zo inda ya saba wucewa, ya tarar a rufe. Sai ya tsaya a tsakar gidan Malam Jaji, ya kwanta a gindin katangar. Malam Jaji da matarsa Adama da 'ya'yansu suka fito da bokitai suna kwasa suna kaiwa lungu. Haka suka yi a wannan daminar, da ta bayanta. A ta uku ruwa ya ci gindin rumbunsa, geron da ya rage musu ya jiƙe ya yi tsiro.

Sau ɗaya tak suka yi maganar fuska da fuska. Mutumin ya zo ɗaurin auren wani abokinsa, Malam Jaji ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ja shi gefe don kada mutane su ji.

"Ɗana, ban zo neman komai naka ba. Ramin da bai fi shigar kyanwa ba nake roƙo."

"Baffa, ai na duba takardar gidan, babu hanyar ruwa a ciki."

"Takarda ba ta nan ranar da ni da mahaifinka muka haƙa ta."

Mutumin ya duba agogonsa. Ya ce, "In sha Allahu zan duba, Baffa."

Bai duba ba.

Wanda ya fara kama ɗakin nan mai koren fenti wani matashin ma'aikaci ne mai suna Maharazu. Mutum ne mai lura. Ya rubuta wa mai gida wasiƙa uku. A ta farko ya ce takalmansa da ke ƙarƙashin gado sun yi funfuna. A ta biyu ya ce ƙusar da ya rataye kalanda ta faɗo da kanta, bango ba ya riƙe ƙusa. A ta uku ya ce idan ya ƙwanƙwasa simintin yana jin ƙara kamar ganga, alamar babu komai a bayansa, ƙasar ta rabu da shi.

Safiyatu ta ce da idonta ta ga wasiƙun daga baya, a cikin wata jakar takardu. Ta ukun ko buɗe ta ba a yi da kyau ba, gefe ɗaya kawai aka yaga.

Abin da mai gidan ya aiko shi ne galan ɗaya na fenti. Ya ce masu haya haka suke, ba sa ganin tsaga a bango sai shekara ta kusa ƙarewa.

Maharazu ya tashi. Wani ya shiga, ya yi damina ɗaya ya tashi. Na uku bai kai ƙarshen damina ba. Mutanen unguwa suka sa wa wurin suna ɗakin sanyi, dillalai suka daina kai kowa. Duk lokacin da wani ya fita, sai a sake fenti.

Kun ga abin da siminti yake yi wa bangon ƙasa? Bangon ƙasa idan ya sha ruwa yakan nuna. Zai yi duhu, zai zubar da ɓarɓashi, mai gida ya gani ya yi yaɓe. Amma idan aka rufe shi da siminti, danshi ya shiga ba ya fita, ciki yana lalacewa, waje yana sheƙi. Haka zuciyar da ta saba da cin haƙƙi take.

Ana nan aka shigo shekarun da aka ƙaddamar da shari'a. Mutumin yana cikin waɗanda suka fi kowa murna. A Kaduna yakan tsaya a bakin masallaci bayan Juma'a yana bayanin yadda adalci zai dawo ƙasa. Har Dutse ya zo wani taro, da farar riga da tasbaha. Daga wurin taron zuwa gidan mahaifinsa bai fi tafiyar minti goma da ƙafa ba. Bai je ba. Ya san abin da za a ce masa.

Ba na shakkar cewa yana son addini. Yana salla, yana azumi, ba a taɓa jin ya sha abin maye ba. Sai dai shari'ar da yake so ita ce wadda za ta hau kan wasu.

Mutanen unguwa suka ce da Malam Jaji, ga kotu nan a buɗe, haƙƙinka a fili yake, ko yaro ya san ruwa ta nan yake bi. Mai unguwa da kansa ya ce zai raka shi. Malam Jaji ya girgiza kai.

"In tsaya a gaban alƙali da ɗan Modibbo? Ranar sunansa ni na riƙe ragon. In na je lahira me zan ce wa Fillo?"

'Ya'yansa suka girma suka watse neman abinci. Gida ya rage daga shi sai Adama. Tsofaffi biyu da bokitai biyu. Ruwan da dā suke kwashewa kafin la'asar, yanzu yakan kwana biyu a gindin katanga.

Sai masaƙar da mutumin yake aiki ta rufe. Ya kasa riƙe gidan da yake haya a Kaduna. Ya yanke shawarar tura matarsa da 'ya'yansa uku Dutse, shi ya tsaya ya jira haƙƙinsa na sallama. Duk ɗakunan gidan da mutane a ciki, bai kuma so ya tashi kowa ba. Ɗaki ɗaya ne babu kowa.

A lokacin wayar hannu ta fara shigowa. Safiyatu ta je wurin masu buga waya a bakin kasuwar Jahun ta kira shi.

"Ka kawo su wurina. Ko a ɗakina ne za mu kwana tare. Kada ka sa su a ɗakin nan, ga damina ta kama."

"Haba Adda. Ina da gida a Dutse, a ce iyalina suna raɓe a gidan mijinki? Ɗaki ne da siminti da fenti. Mutum nawa suka zauna a ciki, wa ya mutu?"

"To ka sa a fasa wuriyar. Yau ɗin nan zan nemi mai diga."

"Kada ki taɓa mini bango. In na dawo zan duba."

Ta ce har yau tana tambayar kanta me ya hana ta saɓa masa. Ta saba ne da cewa gidansa ne, ita 'yar aike ce.

Babbar 'yarsa sunanta Mashkura, shekararta goma sha biyu. Yarinya ce mai yawan magana, ita ce ta fi shaƙuwa da shi. Da aka sauke su a ɗakin, an shimfiɗa mata katifa a jikin bangon nan, ƙannenta biyu suna kwana da uwarsu a ɗaya gefen. Wata rana da aka haɗa su a waya ta ce masa, "Baba, bangon ɗakinmu gumi yake yi. In na sa yatsa sai fentin ya lotsa."

Ya yi dariya. Ya ce, "To ki daina sa yatsa."

Marka ta sauka. Kwana uku ana ruwa, ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa. Ranar Alhamis bayan azahar ya ƙaru. Ruwa a tsakar gidan Malam Jaji ya kai gwiwa. Ya fito da bokitinsa, sai ya ga gindin katangar yana zubowa cikin ruwa, guntu bayan guntu, kamar ana dama fura. Ya yar da bokitin.

Babu hanya tsakanin gidajen biyu sai ta lungu. Tsoho ne mai ciwon gwiwa. Ya fita ta zaurensa, ya gangara cikin taɓo yana dafa bango, ya shiga ta 'yar ƙofar gefe yana kira: "Ku fito! Ku fito daga ɗakin nan!"

Matar ta fito a guje, ɗa ɗaya a hannu, ɗaya tana jan sa. Mashkura tana kwance da zazzaɓi tun safe, ta lulluɓa har kai. Uwar ta dire yaran ta juya za ta koma. Ba ta kai bakin ƙofa ba.

Waɗanda suke gidan sun ce ƙarar ba ta da yawa. Bangon bai faɗi kamar yadda bulo yake faɗuwa ba, zubewa ya yi gaba ɗaya, ruwan shekara da shekaru ya biyo bayansa.

'Yan haya suka fito, maƙwabta suka shigo da shebur. Malam Jaji ya hana a sa shebur, ya ce za a ji mata ciwo. Da hannu suka tona, shi ne a gaba, har farcensa biyu suka fita. Shi ya fara taɓa ƙafarta. Ta riga ta cika.

Aka yi mata sutura kafin magariba. Mahaifinta ya iso washegari da hantsi, ya tarar an riga an binne.

A ina za a zauna karɓar gaisuwa? Gidan Modibbo ba shi da zaure, an daɗe da mai da shi ɗakin haya. Malam Jaji ya sa aka share nasa, aka shimfiɗa tabarmi. A nan mutumin ya zauna kwana uku, a zauren wanda ya hana wa rami mai girman shigar kyanwa, kusa da shi, yana ganin yatsunsa a naɗe da tsumma.

Ba wanda ya ce masa komai sai "Allah ya ba da haƙuri." Malam Jaji ma bai ce ba. Idan aka kawo ruwa shi yake tura masa kofi. Idan baƙi suka zo shi yake nuna musu shi ya ce, "Ga uban yarinyar, ɗan aminina ne." Safiyatu ta ce da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

Ya 'yan uwa, mu tsaya a nan mu duba kanmu.

Ajali na Allah ne, ba wanda yake ƙara wa wani kwana ko ya rage masa. Amma za a tambayi kowa abin da hannunsa ya aikata, da abin da aka gaya masa ya ƙi ji. Wannan mutum sau nawa aka gaya masa? Magini ya faɗa. Maƙwabci ya roƙa. Ɗan haya ya rubuta har sau uku. Yayarsa ta kira. 'Yarsa ta faɗa da bakinta. Allah bai kama shi ba sai da ya aiko masa da mai gargaɗi bayan mai gargaɗi.

Wanda yake da gida a wani gari, ya sani ba bango da ƙofa kawai ya ba da haya ba. Mutum zai kwanta ya rufe ido a ƙarƙashin rufinka saboda ya yarda da kai. Wannan amana ce. Idan ba za ka iya zuwa ba, ka saurari wanda ka wakilta. Idan ɗan haya ya kawo kuka, kada ka fara da zarginsa. Ɗakin da ba za ka kwantar da ɗanka a ciki ba, kada ka kwantar da ɗan wani. Shi wannan ya kwantar da 'ya'yan wasu shekara da shekaru, har ya manta ɗakin yana da haɗari, ya kai tasa.

Haƙƙin maƙwabci kuma ba ya faɗuwa don ka bar unguwa. Ba ya faɗuwa don ba a rubuta shi ba. Ba ya faɗuwa don mai shi ya ji nauyinka ya yi shiru. Shirun mai haƙƙi ba yafiya ba ce. Mu mata ma ba mu fita ba: ina muke zubar da ruwan wankinmu? Wa yake tsallake shi kullum bai ce komai ba?

Abin da ya biyo baya gajere ne. 'Yan'uwan matar suka zo daga Garki suka tafi da ita da yaran biyu tun ranar sadakar uku. 'Yan haya suka tashi ɗaya bayan ɗaya kafin damina ta ƙare. Gidan da aka cika shi da ɗakuna har ba wurin shanya, yau ba mai kwana a cikinsa.

Amma abin da Safiyatu ba ta manta ba shi ne safiyar rana ta huɗu. Ruwan da ya shigo da bangon har lokacin yana kwance a cikin kangon ɗakin, don katangar waje ta bulo ce, ba ta faɗi ba, ba ta kuma da mafita. Littafin makarantar yarinyar yana yawo a kai.

Bayan an idar da sallar asuba gari ya waye, mutumin ya ari diga a wurin wani maƙwabci. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya durƙusa a lungu, daidai inda mahaifinsa yake durƙusawa. Bai iya riƙon diga ba, hannun akawu ne. Yana sara tana gocewa. Wasu suka matso za su karɓa, Malam Jaji ya ɗaga musu hannu, suka tsaya.

Ya daɗe yana yi. Can bulon ya fashe, ruwa ya fito, jajawur, ya bi ta kan ƙafafunsa ya gangara lungu ta hanyarsa ta dā. Aikin bai kai awa ɗaya ba.

Ya tsaya yana kallon ruwan har ya tsane. Ya juyo ya dubi Malam Jaji. Ya jingina digar a jikin katanga, ya ɗauki rigarsa a hannu, ya bi lungun ya gangara wajen tasha. Yayarsa tana tsaye a bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

Allah ka ji ƙan Mashkura. Ka saka wa Malam Jaji da alheri. Ka karɓi tuban bawanka a duk inda yake. Mu kuma ka ba mu kunnen jin gargaɗi tun bango yana tsaye, ka tsare mu da kwana da haƙƙin wani a kanmu. Amin.